Yadda nake haɗa boga (burodi mai nama a tsakiya) a gida

Da farko uwargida ki samu niƙaƙƙen naman sa rabin kilo, ki ce wa mahauci ya bar miki ɗan kitse a ciki, tsoka zalla bushewa take yi a wuta wallahi ba ta daɗi.

Sai ki zuba gishiri, masoro, magi ɗaya, dakakkiyar tafarnuwa da albasa da kika goga a magogi kika matse ruwanta, ki juya sama-sama da hannu, kar ki cuɗa shi kamar kwaɓin fulawa don tauri zai yi.

Ki raba gida 4, ki mulmula ki baje da tafin hannu ya ɗan fi faɗin burodin saboda yana tsukewa, sannan ki danna tsakiya da babban yatsa kar ya kumburo. A firij minti 20.

Kasko ya yi zafi sosai, mai kaɗan, minti 4 zuwa 5 kowane gefe, kuma don Allah kar ki riƙa danne shi da cokali, romon ne ke tsiyayewa. Tsaga ɗaya ki duba, in da sauran ja ƙara minti 2.

Ki gasa burodin da bota, ki shafa mayonis, latas da tumatir, ki ɗora naman da zafinsa.