Kurakuran da aka fi yi game da magungunan antibodi, daga lissafin riba zuwa firijin kanti

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kawuna ya tare ni a ƙofar gidansa da ke Ƙofar Marusa, waya a hannu. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana fataucin atamfa da shadda daga Kantin Kwari zuwa Katsina, kuma duk inda kuɗi ya motsa kunnensa na can. Ya miƙo mani wayar ya ce, "Kai ɗan nan, duba wanga. Magani ɗaya tak, dala biliyan 29 a shekara, kai kana zaune kana ƙirgar farasitamol? Mi ya hana mu kawo shi?"

Na ce, "Allah ya ƙara girma Kawu, adadin gaskiya ne, amma kogin nan bai biyo ta ƙofarmu ba tukuna."

Maganin da ya gani shi ne Keytruda na kamfanin Merck, maganin sankara daga jinsin antibodi, kuma ya yi cinikin sama da dala biliyan 29 a 2024. Tun daga ranar nake lura da yadda 'yan kasuwa, da matasan masu harhaɗa magunguna irina, da iyalan marasa lafiya ke ɗaukar wannan jinsin magani, na ga kuskuren kusan iri ɗaya ne ke ta dawowa.

Na farkonsu tun daga suna ne. Da yawa in suka ji antibodi sai su ɗauka antibiyotik ake nufi, wasu kuma su ce rigakafi ne. Duk ba haka ba ne. Antibodi wani furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa don ya kama abu guda, ya riƙe shi ko ya nuna wa sojojin jini shi. Rigakafi koya wa jiki yake ya ƙera nasa, shi kuwa wannan magani ƙerarre ake ba ka. A 1975 Georges Köhler da César Milstein suka gano a Kambirij ta Ingila yadda za a sa ƙwayar halitta guda ta riƙa fitar da antibodi iri ɗaya ba iyaka, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 1984. Amurka ta amince da na farko a 1986, ta kai na ɗari a 2021. In ka ga sunan magani ya ƙare da "mab", kamar trastuzumab ko rituximab, to daga wannan gida yake, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya tsarin raɗa wa sababbi suna tun 2021.

Kuskuren Kawu shi ne na ɗaukar cinikin duniya a matsayin awon kasuwar gida. Kasuwar na girma, babu ja. Kamfanin Pfizer ya biya dala biliyan 43 a 2023 ya sayi kamfanin Seagen, don ya mallaki fasahar ɗaura wa antibodi guba ya kai ta har cikin ƙwayar sankara. Amma wa ke sayen kayan? Wani rahoto da ƙungiyoyin binciken lafiya na Wellcome da IAVI suka fitar a 2020 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na cinikin a Amurka da Kanada da Turai yake, inda inshora ko gwamnati ke biya. Afirka baki ɗayanta kusan kashi 1 take da shi. A nan kuwa yawanci gona ake sayarwa, ko dangi su yi karo-karo. Mai son ya auna kasuwar Katsina ya ajiye wayar ya yi ƙidayar gida: likitoci nawa ke rubuta maganin, ina ake gwajin da ke halatta ba da shi, mutum nawa za su iya biya har ƙarshe, kuma nawa dala za ta kai ranar da zai sake saro kaya. Wanda ya yi lissafi da dala a kan naira 460 a farkon 2023 ya wayi gari cikin 2024 tana sama da 1,500. Cibiyar kula da masu sankara da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025 za ta ƙara yawan waɗanda ake ganowa a gida, ba sai an tafi Zariya ko Kano ba, kuma buƙata za ta taso ta nan. Sai dai ta hannun asibiti da dillalai masu lasisi za ta bi. Mai kemis na unguwa doka ba ta ba shi damar ajiye irin wannan allura ba, balle ya yi ta.

Inda aka fi tafka asara, kuma inda na fi jin zafi, shi ne batun kwafi.

Mutanenmu sun sha wuyar jabun magani, don haka in likita ya ce akwai na Indiya ko na Koriya mai rahusa, sai miji ya ɗaure fuska ya ce shi asali yake so wa matarsa. Na ga wanda ya ƙarar da kuɗinsa kaf kan allura huɗu ta kamfanin farko, alhali da kuɗin nan zai yi nisa ƙwarai da kwafi mai rajista. Abin da ake kira bayosimila ba jabu ba ne. In wa'adin haƙƙin mallakar kamfanin farko ya ƙare, wani kamfani na ƙera nasa, ya gwada shi kafaɗa da kafaɗa da na asali a ɗakin bincike da jikin marasa lafiya, hukumomi su tabbatar babu bambancin da zai shafi warkewa ko illa. Turai ta amince da kwafin antibodi na farko a 2013, infliximab na kamfanin Celltrion na Koriya ta Kudu. Amurka ta amince da trastuzumab na Biocon da Mylan a 2017. A Disambar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance kwafin trastuzumab na Samsung Bioepis, wanda shi ne karo na farko da ta yi wa bayosimila haka.

Labarin Humira ya isa misali kan abin da kwafi ke yi wa kasuwa. Maganin ciwon gaɓoɓi ne na kamfanin AbbVie, ya yi shekaru yana kan gaba a duniya, cinikinsa ya haura dala biliyan 21 a 2022. Da kwafinsa suka shiga Amurka a Janairun 2023, ya sauko zuwa kusan biliyan 14 a shekarar, sannan kusan biliyan 9 a 2024. Keytruda ɗin da ya ruɗi Kawu shi ma babban haƙƙin mallakarsa a Amurka zai fara ƙarewa a 2028. A ganina rabonmu a wannan kasuwa ta wannan ƙofa zai shigo, lokacin da manya suka gama cin moriyar wa'adinsu, farashi ya fara sauka.

Amma akwai masu zarcewa ta ɗaya ɓangaren, su ɗauka kwafin antibodi kamar kwafin amoksisilin ne, kowa ya buga ya kawo. Ƙwayar antibodi ta fi ta asfirin girma kusan sau 800, kuma ba a haɗa ta da garwaya sinadarai. Ƙwayoyin halitta masu rai ake kiwo a manyan tankuna su fitar da ita, ɗan canjin zafi ko abinci kan sauya abin da za su fitar. Shi ya sa rahusar kwafi ba ta kai ta sauran magunguna ba, kuma shi ya sa in wani ya kawo maka kwalba a kashi ɗaya bisa goma na kuɗinta ya ce ta Jibiya ta shigo, ka riƙe kuɗinka. A 2012 an kama jabun Avastin, wani antibodin sankara, a asibitocin Amurka kanta, babu ko ɗigon maganin a ciki. Gyaran ba wuya: lambar NAFDAC a jikin kwali, lambar rukunin ƙira iri ɗaya a kwali da kwalba, rasit daga dillalin da kamfanin ya sani, sannan likitan da ke kula da mara lafiya ya san wane iri aka sayo, a rubuta shi a kati.

Sai sanyi. Wata rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, wani dattijo ya shigo wurin aikinmu da baƙar leda, gumi na zuba. Ɗansa ne ya sayo allurar a Kano ya ba direba a tasha. Don gudun kada ta lalace, sai suka cusa kwalbar tsakanin leda biyu na fiya-wata da suka daskare, suka ɗaure tam. Ya ce, "Ɗana, ka ga mun kiyaye, har yanzu ƙanƙarar ba ta narke ba." Na ɗaga kwalbar na ga ruwan ciki ya yi ƙanƙara rabi. Na daɗe ban ce komai ba, don na san abin da aka sayar kafin a saye ta. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, wannan ba za ta shiga jikin Mama ba."

Mafi yawan waɗannan magunguna tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su. Kowa na tsoron zafi, ba a cika tsoron daskarewa ba, alhali ita ma tana ɓata furotin, kuma in ya narke ido ba lalle ya gane ba. Girgizawa ma haka, shi ya sa ba a kaɗa kwalbar kamar maganin tarin yara. In za a yi tafiya da ita, a sa ta cikin kula, a bar ƙanƙarar ta fara zufa kafin a jera, a raba ta da kwalbar da kwali, a jefa ma'aunin zafi ciki. A kanti kuwa, firijin da ake sa lemo da zoɓo ana buɗewa sau hamsin a yini ba wurin ajiyarta ba ne, haka ƙofar firiji da bangon baya mai tara ƙanƙara. Wanda ba shi da sola da batirin da zai kwana da firiji, da takardar da ake rubuta zafi safe da yamma, bai shirya wa wannan sana'a ba, komai yawan jarinsa.

Iyalai kuma kan sayi magani kafin gwaji, don sun ji wata ta sha ta warke. A sankarar mama, trastuzumab na aiki ne kawai kan mai alamar HER2, wani furotin da gwaji ke nunawa a jikin ƙwayar sankarar, kuma kusan mace ɗaya cikin biyar masu cutar ke da ita. Sauran huɗun in an yi masu, kuɗi ne aka zubar, ga haɗarin da yake wa zuciya, wanda ya sa ake hoton zuciya kafin a fara da kuma lokaci-lokaci. Rituximab kan tayar da ciwon hanta nau'in B da ya kwanta, ga shi cutar ta yi yawa a ƙasar nan, don haka gwajin jini ke gaba. Sannan a tambayi kuɗin tafiyar duka, ba na kwalba ɗaya ba. Wadda aka gano tata da wuri, yawanci duk mako uku ake yi mata har shekara guda, wato sau 17 ko 18, kuma da nauyin jiki ake aunawa: mai kilo 60 za ta karɓi miligiram 480 a karon farko, 360 a sauran. A zauna da likita da biro da takarda tun ranar farko, a tambayi ofishin walwalar marasa lafiya ko tana cikin waɗanda inshorar NHIA ko asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya zai rage wa nauyi.

Kada kuma a ɗauka duk sabon da ya fito ya zauna ke nan. Mu da sikila ta addabi gidajenmu mun yi murna da crizanlizumab da Amurka ta amince da shi a 2019, sai ga Turai ta janye izininsa a 2023 bayan babban gwaji ya nuna bai rage tashin ciwon ba. Antibodin korona ma da aka yi ta rububi, ƙwayar cutar na sauya kama suka daina aiki ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tara su a sito ya kwana ciki.

Abin da na ƙarasa gaya wa Kawu shi ne muna hangen na nesa mun bar na ƙarƙashin ƙafarmu. Tsofaffin magungunan antibodi, waɗanda ake tacewa daga jinin mutum ko doki ko tunkiya, su ne ake nema a nan dare da rana a rasa. Allurar anti-D da ake yi wa mai jego mai jinin Rh nagatif cikin awa 72 da haihuwa, don kare cikin da zai biyo baya. Maganin dafin mashaƙo, wanda aka yi ta nema ido rufe tun da annobar ta ɓarke a Kano da Yobe da Katsina daga ƙarshen 2022. Maganin saran maciji, musamman da damina da kaka, lokacin da gobe-da-nisa ke kwanciya a kunya. Nan ma akwai tarko: maganin da aka haɗa da dafin macizan Indiya ba lalle ya yi aiki kan namu ba, shi ya sa aka ƙera EchiTAb da dafin macizan Najeriya, wanda asibitin Kaltungo ya daɗe yana amfani da shi. Na gaba kuwa da nake sa wa ido shi ne na zazzaɓin cizon sauro. An gwada wani mai suna L9LS kan yara a Mali, allura ɗaya ta kare mafi yawansu tsawon wata shida na lokacin sauro. Har yanzu gwaji ake, bai shigo kasuwa ba, kuma in ya shigo alamu sun fi nuna ta hannun gwamnati da masu ba da tallafi zai zo, kamar gidan sauro da maganin damina na yara.

Kawu ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "To shi wanga firiji mai sola, nawa yake?" Na gaya masa. Ya ce tsadarsa ta yi yawa, ya shige gida. Bayan sati biyu ya aiko yaro da saƙo cewa in nemo masa mai haɗawa, amma da sharaɗin ba za a sa masa ko ledar ruwa ɗaya a ciki ba.