Kafin ku yi rubutu a kan wake da shinkafa

'Yan'uwa masu rubutu a kan abinci, in za ku ci wake da shinkafa a unguwar Nima ko Mamobi da ke Accra, Ghana, ku yi sammako, don wajen masu kirki zuwa hantsi sai ƙanzo. Kada ku bari a zuba shito, wato soyayyen yajin nan na Ghana, tukuna. Ku fara kai loma ɗaya zalla. A nan ake gane ko karan dafi ya kama har ya ba ta jan nan, ko kuwa kanwa ta yi yawa tana ɗaci-ɗaci. Sannan a sa shito, taliya, garin rogo da ƙwai. Ni dai na fi so a ƙunsa mini a ganye, leda tana kashe ƙamshi. Ku biya kamar kowa, kuma ku nemi izinin Hajiya mai abincin kafin ku ɗauki hoton tukunyarta.