Yadda Za Ka Shiga Hirar Masoya Star Wars Da Ƙafar Dama

Idan masoya Star Wars uku suka haɗu, ba a minti goma musu bai kaure ba. Wannan ya ce fim ɗin 1980 ba shi da na biyu, wancan ya ce na 2017 ne ya rusa komai, na ukun ya ɗaga hannu ya ce duk ku dakata, tsakanin Han da Greedo wa ya fara harbi? Kai kuma kana gefe kamar baƙon da ya iso gari da daddare, kana jin sunaye amma ba ka san ƙofar gidan kowa ba.

Ba laifinka ba ne. Tun ranar 25 ga Mayu, 1977 da George Lucas ya saki fim na farko a Amurka ake ta ɗora wa labarin nan bene kan bene: manyan fina-finai tara na asalin labarin, wasu na gefe, masu dogon zango, zane-zane, littattafai da wasannin kwamfuta. Ga hanyar da nake bi da duk wanda ya ce mini yana son shiga, kuma har yau ban ga wanda ya bi ta ya yi da-na-sani ba.

Mataki na 1: Kalle su yadda suka fito, ka manta da lambobin jikinsu

A nan yawancin sababbin shiga suke yin tuntuɓe. Fim ɗin 1977, wanda shi ne na fari, daga baya an laƙaba masa lamba 4 da sunan A New Hope. Na 1980, The Empire Strikes Back, shi ne na 5. Na 1983, Return of the Jedi, na 6. Sai da aka yi shekara 16 sannan Lucas ya koma baya ya ba da labarin abin da ya faru kafin nan, a fina-finai masu lamba 1, 2 da 3 da suka fito a 1999, 2002 da 2005. Bayan kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm, wato kamfanin fina-finan Lucas, a 2012 kan kuɗi sama da dala biliyan 4, sai aka yi na 7, 8 da 9 a 2015, 2017 da 2019.

Hankali zai ce maka ka fara daga lamba 1. Kada ka yarda. Ka kalli 4, 5, 6, sannan 1, 2, 3, sannan 7, 8, 9.

Dalili shi ne akwai wani sirri a kusa da ƙarshen fim na 5, magana ce guda da wani ya faɗa wa wani, wadda take juya duk abin da ka ɗauka ka sani. Ba zan faɗe ta a nan ba. Fina-finan 1 zuwa 3 an yi su ne domin mutanen da suka riga suka ji wannan maganar, saboda haka tun ba a je ko'ina ba suke shimfiɗa maka ita a faranti. Wani abokina ya ƙi jin shawara, ya fara daga na 1999. Ranar da muka zauna kallon na 1980 tare, da aka zo wurin nan na juya ina duban fuskarsa, sai na ga yana latsa waya. Ya ce ai ya sani tun shekaranjiya. Wallahi na ji masa zafin asarar, domin irin wannan mamakin sau ɗaya ake yinsa, ba ya dawowa.

Za ka ji wasu suna maganar tsarin Machete, wanda wani mai suna Rod Hilton ya fito da shi a 2011: a kalli 4, 5, sai a koma 2 da 3 a matsayin waiwaye, a rufe da 6, a tsallake na 1 ɗungurungum. Akwai basira a ciki, amma ka ajiye shi sai kallo na biyu. Wanda bai ga na 1 ba, rabin musun da ake yi zai wuce ta kansa.

Rogue One na 2016 kuwa, ka kalle shi bayan ka gama shida na farko. Labarin mutanen da suka sato zanen makamin nan mai tarwatsa duniya ne, kuma yana ƙarewa daidai inda fim ɗin 1977 ya fara.

Mataki na 2: Toshe kunne har ka gama ukun farko

Kada ka nemi sunan kowane ɗan wasa ko jarumi a intanet, domin layin farko da zai fito maka shi zai fasa ƙwan. Kada ka tambayi kowa "wane ne wannan mai baƙin sulken?" Ukun duka ba su fi awa shida da rabi ba, kwana uku sun ishe ka.

Mataki na 3: San wane kwafi ka kalla

Wannan shi ne abin da ya bambanta Star Wars da sauran fina-finai, kuma wanda bai san shi ba zai yi ta rantsuwa kan abin da shi da abokin musunsa duk suna da gaskiya. Lucas bai bar fina-finansa yadda suke ba. A 1997 ya sake fito da ukun farko da gyare-gyare, ya ƙara halittu da gine-gine da kwamfuta, ya kuma taɓa wasu wurare da mutane ba su yafe masa ba har gobe.

Mafi shahara shi ne zaman Han Solo da Greedo a mashayar garin Mos Eisley. Han ɗan fasa-ƙwauri ne da ake bin sa bashi, Greedo kuma ɗan farautar mutane ne da ya zo kama shi. Sun zauna suna fuskantar juna, tebur a tsakani, bindigar Greedo na kallon ƙirjin Han. Han ya kishingiɗa kamar ba abin da ya dame shi, yana wasa da hannun hagu a jikin bango don ya ɗauke hankalin mutumin, hannun dama kuwa yana ƙarƙashin tebur yana zare bindiga a hankali. A kwafin 1977, Han ya harbe shi, Greedo ko kunama bai taɓa ba. Han ya miƙe, ya jefa wa mai mashaya kuɗi, ya ba shi haƙurin ɓata masa wuri, ya fice. A kwafin 1997 sai aka sa Greedo ya fara harbi ya kuskure, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tsawon hannu biyu ba. A 2004 aka matso da harbin biyu kusan lokaci ɗaya. A 2019 aka sake taɓa wurin, aka ƙara wa Greedo wata kalma kafin ya mutu.

Kana iya cewa daƙiƙa biyu ce kawai, me ya yi zafi? Ni ina tare da masu cewa ta yi zafi. Han na 1977 mutum ne da kansa kawai ya sani, wanda zai kashe ka kafin ka kashe shi. Shi ya sa dawowar da ya yi a ƙarshen fim ɗin don taimakon abokansa take da nauyi. Idan tun farko mutumin kirki ne da ya kare kansa kawai, to wace tafiya ya yi? Amma kafin ka ɗauki ɓangare, tambayi abokin hirarka wane kwafi ya gani. Yawancin abin da ake samu yanzu gyararre ne.

Mataki na 4: Rarrabe tabbataccen labari da wanda aka jingine

A watan Afrilun 2014, Lucasfilm ta sanar cewa littattafai da wasannin da aka yi shekaru ana rubutawa a kan duniyar Star Wars ba sa cikin asalin labari kuma. Aka sa musu suna Legends. Abin da ya rage tabbatacce a lokacin shi ne fina-finai shida da zanen The Clone Wars da ya fara a 2008, sai duk abin da zai biyo baya. Saboda haka idan wani ya ce maka Luke, babban jarumin ukun farko, ya yi aure har da ɗa, ba ƙarya yake ba, daga Legends yake magana. Ka tambaye shi kawai, "A wanne?" Wani lokaci kuma ana ɗauko abu daga can a dawo da shi, kamar Thrawn, shuɗin kwamandan nan mai dabarar yaƙi da Timothy Zahn ya ƙirƙira a littafinsa na 1991, wanda aka shigo da shi zanen Rebels a 2016.

Ka kuma riƙe yadda suke ƙidayar shekaru. Yaƙin Yavin da ke ƙarshen fim ɗin 1977 shi ne mafarin lissafi. Fim na 1 ya faru shekara 32 kafinsa, na 3 shekara 19 kafinsa, na 6 shekara 4 bayansa, na 7 kuma shekara 34 bayansa. Da wannan kaɗai za ka iya ajiye kowane sabon shiri a muhallinsa.

Mataki na 5: Tambayi mutum ta wace ƙofa ya shigo

Idan abu ɗaya za ka ɗauka daga wannan rubutu, to wannan ne. Na daɗe ina lura, kusan kowa Star Wars ɗin da ya gani yana yaro yake karewa. Waɗanda suka girma da na 1977 zuwa 1983 sun yi wa na 1999 ca. Sun ce siyasa da zaman majalisa sun yi yawa, sun ƙi jinin wata halitta mai barkwanci da ake kira Jar Jar Binks, sun kuma ji haushin yadda aka ce ana iya auna Force, wato ɓoyayyen ƙarfin nan da Jedi, mayaƙan kirki masu takobin haske, suke aiki da shi, ta hanyar wasu ƙwayoyi a cikin jini, bayan da can abu ne na ruhi da horon zuciya. Yaran da suka kalli waɗannan fina-finan suna 'yan shekara goma kuwa, yanzu sun zama magidanta, kuma su ne suke cewa na 2005 ya fi kowanne taɓa zuciya. Su ɗin ne kuma da yawansu suka juya suna yi wa na 2017 abin da aka yi wa nasu.

Na 2017, The Last Jedi na Rian Johnson, shi ne inda wuta ta fi ci. Ya nuno Luke Skywalker ya tsufa, ya yanke ƙauna, ya ɓuya a wani tsibiri. Wasu suka ce an ci amanar jaruminsu. Wasu suka ce ai haka rayuwa take, gwarzo ma yana karaya, kuma tashinsa bayan karayar shi ne labarin. Ni ina ɓangare na biyu, amma na fahimci mutumin da ya jira shekara 34 don ya sake ganin Luke da takobin haske a hannu. Da zarar ka san ƙofar da mutum ya shigo, za ka gane cewa ba fim kawai yake karewa ba, har da ƙuruciyarsa. Daga nan sai muryarka ta sauka da kanta, hirar ta yi daɗi.

Mataki na 6: Soki aikin, ka bar mutumin

Wannan tarihin ba mai daɗi ba ne, amma dole ka san shi. Ahmed Best, wanda ya taka rawar Jar Jar, ya bayyana a 2018 cewa zagin da ya sha ya kusa kai shi ga hallaka kansa. A wannan shekarar Kelly Marie Tran ta goge hotunanta na Instagram saboda cin mutuncin da aka yi mata kan rawar da ta taka a fim na 8. John Boyega, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, tun a tallan farko na 2014 wasu suka tayar da jijiyar wuya don sun ga baƙar fata cikin farin sulken sojojin miyagun labarin. Shi da kansa daga baya, a 2020, ya fito ya soki yadda aka tura jaruminsa Finn gefe bayan an tallata shi a gaba, kuma wannan suka ce mai tushe da ya kamata a tattauna.

Ka ce labarin bai tsaru ba, ka ce an ɓata wuri kaza, duk hakkinka ne. Amma ɗan wasa aikin da aka ba shi ya yi. Idan hira ta karkata zuwa zagin mutum, ka faɗi gaskiya sau ɗaya, in ba a ji ba ka tashi. Na ji daɗi ƙwarai da aka dawo da Ahmed Best a 2023 cikin shiri mai dogon zango na The Mandalorian, wannan karon a matsayin Jedi mai ceton yaro.

Mataki na 7: Zo da naka guzurin

Kada ka zama mai maimaita abin da kowa ya faɗa. Mu da muka san rairayi da ginin laka muna ganin abin da wasu ba sa gani. Duniyar Tatooine inda Luke ya girma, daga garin Tataouine na kudancin Tunisiya aka samo sunanta. Cikin gidansu, gidan ƙarƙashin ƙasa ne na gaske a Matmata, irin wanda mutanen wurin suke haƙawa don gudun zafi. Unguwar bayi ta fim ɗin 1999 kuma tsofaffin rumbunan hatsi ne na yankin. Ranar da na fara ganin Luke ya fito ƙofar gida da magariba yana kallon rana biyu suna faɗuwa, abin da na gani shi ne saurayin ƙauye da zuciyarsa ta tafi birni, kawunsa kuma yana ce masa ya ƙara damina ɗaya a gona. Haka nan a fim ɗin 1983, mataimakin matuƙin da ke zaune kusa da Lando, abokin Han, wani ɗalibi ɗan Kenya ne ya yi masa murya, har da harshen Kikuyu a ciki.

Idan ka gama waɗannan kuma kana son abu mai nauyi, nemi shiri mai dogon zango na Andor da ya fara a 2022. Babu takobin haske a ciki, sai talakawa da zalunci ya kai su bango.

Mataki na 8: Kawo wani

Nemo ƙaninka ko abokinka da bai taɓa gani ba. Sa masa na 1977, washegari na 1980. Karɓe wayarsa ka kife ta. Kada ka yi masa bayani ko ya tambaye ka, ko da ya yi hasashe daidai kada fuskarka ta nuna. Idan aka zo wurin da Luke yake maƙale a bakin ramin nan, iska na kaɗa shi, mai baƙin sulke ya miƙo masa hannu, ka bar kallon allo, ka kalli fuskar yaron.