Ka Yi Abokin Ciniki a Kasuwar Manoma: Shawara ga 'Yan Kabi Sababbin Zuwa Amurka

Mutumin Kabi ba ya daɗewa da sauka Amurka bakinsa zai fara ƙorafi. Shinkafa tana ko'ina, nama ma haka, miya ce dai ta ƙi. Tumatirin manyan kantuna tun yana ɗanye ake tsinke shi don ya jure doguwar tafiya, ga ja ga kyan gani, ka yanka ka ji salam. Sure kuwa da yalo da alayyaho irin namu, sai labari. Yawancinmu shagon 'yan Afirka muke nufa, mu sayi busasshe ko na firiza da ɗan karen tsada. Akwai wata hanyar da baƙo bai cika lura da ita ba, ita ce kasuwar manoma.

Mako-mako take ci, galibi ranar Asabar da safe, a filin ajiye motoci ko dandalin tsakiyar gari, kafin azahar ta fara watsewa. Irinta sun haura 8,000 a ƙasar. Ta dandalin Union Square a New York tun 1976 take ci, kwana huɗu a mako. A jihohin arewa masu sanyi akasari daga watan Mayu ne zuwa Oktoba, guro da tumatir da attarugu kuma ba sa fitowa sosai sai daga Yuli zuwa Satumba. Abin da ya raba ta da kasuwar Jega ko ta albasar Aliero shi ne babu dillali, babu ɗan kamasho, babu la'ada. A da yawansu ƙa'ida ce: abin da ka noma shi za ka kasa. Wanda ke tsaye bayan tebur shi ne mai gonar, ko matarsa, ko yaron da ke masa aiki.

To, a nan ne mu da muka tashi a fadama muka fi sauran baƙi sa'a. Ba turancinka manomi yake ji ba, tambayarka yake ji. Ka ce masa yaushe ya yi dashen wannan tattasai, ruwan sama ya dogara da shi ko ban-ruwa yake yi, me yake sa wa tsutsar da ke cin kabeji. Nan take zai ɗago kai, don ya san wannan ya taɓa riƙe fartanya. Amma ka duba lokaci. Idan mutane sun yi layi, gaisuwa ɗaya ta isa, ka saya ka matsa; doguwar gaisuwarmu ta ina gajiya, ina iyali, ka ajiye ta sai kasuwa ta yi sanyi. Ka tambayi sunansa ka riƙe, da sunan nan tsurarsa ake kiransa ko da ya haife ka. Da nauyi a baki, na sani, amma a wurinsu ba raini ba ne.

Kada ka taya. Wannan ita ce ta fi ba mu wuya. Farashi a rubuce yake a ɗan allo, awo kuma ba tiya ba ce, ba kashi ba, sikeli ne, fam ɗaya giram 454. In ka raba kuɗin biyu kana jiran ya ce albarka ku fara ja, shi gani zai yi ka wulaƙanta guminsa, ya yi murmushi ya juya wurin na bayanka. Kada kuma ka yi ta latsa tumatir kana mayarwa. Rangwame akwai shi, ƙofarsa ce daban: ka tambayi kuɗin kwali guda, ko ka nemi kayan da suka ɗan bugu ko suka fita a karkace, waɗanda ake warewa gefe a sayar da araha. Miya ba ta san karkatacce ba. Gyara ma akwai, sai dai ba a roƙonta. Ka yi ta komawa tebur ɗaya, wata Asabar za ka ga an jefa maka damin ganye a jaka ba ka ce komai ba.

Gaskiya ɗaya: ƙwai da nama da zuma sun fi na kanti tsada a nan. Ganye da kayan miya a tsakiyar kakarsu ne ake samun sauƙi.

Ka lura da manoman da su ma baƙi ne, don ganyenmu wurinsu yake. A jihohin Minesota da Wiskonsin akwai 'yan ƙabilar Hmong da suka taso daga ƙasar Lawos bayan 1975, tebura da yawa nasu ne. Alayyaho, mutanen Jamaika kalalu suke ce masa. Lalo shi ne mulukiya a bakin Misirawa. Sure kuwa Indiyawan kudu gongura suke kiransa, mutanen ƙasar Bama (Myanmar) ma ba sa rabuwa da shi. In suna ya gagara, nuna hoto a waya.

Riba mafi girma ita ce manomi ya shuka maka abin da kake marmari. Ƙaramin manomi kullum neman abin da maƙwabcin teburinsa ba shi da shi yake yi, amma ba zai ba da kunya guda don mutum ɗaya ba. Ku haɗu gida biyar ko shida, ku ce masa in ya shuka yalo da sure za ku ɗauki kaza duk mako. Ku yi maganar tun kaka, saboda a cikin hunturu suke sayen iri su tsara gona. Idan kuma kaya ya nuna, ku zo ku ɗauka. Alkawarin “sai mun zo” da ba a zuwa, ba ku kaɗai yake ɓata wa suna ba, har wanda zai sauka baɗi. Wasu gonakin suna da tsarin da za ka biya kuɗin kaka gaba ɗaya tun farko, a riƙa ba ka kwalin kaya duk mako, ko an samu albarka ko an yi asara ku raba.

Kada ka ce a ƙunso maka iri daga Argungu cikin jakar wani. Dole ne a bayyana iri a filin jirgi, shigo da shi kuma sai da izinin hukumar gona, in an kama ɓoyayye akwai tara. Ko ya shigo ma ba lallai ya yi ba. Albasar Aliero ta saba da gajeren yini, a arewacin Amurka inda rana ke daɗewa da bazara tun tana ƙarama za ta yi kai ta tsaya. Sure zai ba ka ganye har ka gaji, amma ba ya fure sai yini ya gajarta, kafin zoɓo ya nuna sanyi ya ƙone shi.

Kasuwanni da yawa suna karɓar katin tallafin abinci na SNAP, wasu har su ninka maka kuɗin kayan lambu, sai dai mai bizar karatu ba ya cikin masu samunsa. Ka zo da jakarka da 'yan canji. Abin da aka gasa ko aka soya ka tambaya ko da kitsen alade. Madarar da ba a dafa ba kowace jiha da dokarta. In ka samu don nonon fura, ka tafasa ta tukuna.

Sai Layya. Mai sayar da naman rago ko na akuya a kasuwa shi ne hanyarka ta samun dabba mai rai, amma ka yi masa magana da wata biyu ko uku, ka faɗa masa shekarun da kake so da cewa ba mai aibi ba, don ba kai kaɗai ke nema ba. Batun yanka a gona ya danganta da jiha; wani zai bar ka ka yanka da hannunka, wani ya tura ka mahautar da yake hulɗa da ita. Wanda Allah ya kai Ingila, inda irin wannan kasuwa ta farfaɗo a garin Bath a 1997, shi ba shi da wannan zaɓi: can doka ta ce yankan Layya sai a mahauta mai lasisi.