Yadda ake yi wa maras lafiya addu'a idan an je dubiya

Da yawa daga cikinmu idan muka je dubiya, a gida ko a asibiti, ba ma wuce "sannu, yaya jiki?" da "Allah ya ƙara sauƙi", daga nan sai mu ajiye lemo da ayaba mu shiga hira da masu jinya. Gaisuwar tana da kyau, amma Manzon Allah (SAW) ya koyar da lafuzza na musamman, kuma haddace su ba aikin malamai kaɗai ba ne.

Da farko ka zauna ta wajen kan majinyacin, ka kwantar masa da hankali da kalmar da Annabi ya faɗa wa wani baƙauye da ya je dubawa: "La ba'asa, ɗahurun in sha Allah", wato babu komai, kankarar zunubi ce da yardar Allah. Sannan ka karanta sau 7: "As'alullahal Azima Rabbal Arshil Azimi an yashfiyaka." Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa idan aka karanta wannan ga maras lafiyar da ajalinsa bai yi ba, Allah zai ba shi lafiya. Idan mace ce, sai a ce "an yashfiyaki".

Bayan haka ka shafa shi da hannun dama, matuƙar ba mace ba ce wadda ba muharramarka ba, kana cewa: "Allahumma Rabban nasi, azhibil ba'asa, ishfi antash Shafi, la shifa'a illa shifa'uka, shifa'an la yugadiru saƙama." Nana A'isha ce ta ruwaito ta a Buhari da Muslim, kuma addu'ar tana tabbatar da cewa waraka ta Allah ce shi kaɗai.

Shi ma majinyacin a koya masa abin da Annabi ya koya wa Usman bin Abil As: ya ɗora hannu a inda yake masa ciwo, ya ce "Bismillah" sau 3, sannan ya ce sau 7, "A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhazir." Wannan ita na fi so a koya wa masu doguwar jinya, domin cikin dare, lokacin da ciwo ya fi tsananta kuma kowa ya yi barci, ba ta buƙatar kowa sai shi da Ubangijinsa.

Tofi kuwa ana yin sa da Fatiha, da Ƙulhuwallahu, da Falaƙi da Nasi, a hura iska mai ɗan danshin yawu a tafin hannu a shafe jiki. A ciwon ajalin Annabi, da jiki ya yi masa nauyi, Nana A'isha ce take karanta masa, tana shafa shi da hannunsa don neman albarkarsa.

A guji duk ruƙiyyar (wato tofi ko addu'ar neman waraka) da ba a fahimtar kalmominta, domin Annabi ya halatta ta ne da sharaɗin babu shirka a ciki. Kuma kada addu'a ta sa a dakatar da maganin likita, tun da Annabi da kansa ya umarci bayin Allah su nemi magani. Idan ka gama, kada ka tsawaita zama, sai in majinyacin ne ya nemi ka tsaya.