Yadda ake gwada sinadarin albasa a kan ƙaiƙayin ɓera

Kwasetin sinadari ne da ake samu a albasa, musamman ɓawonta, da kuma tuffa. Yana kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, yana kuma rage sinadarin histamin da ƙwayoyin mast (wasu ƙwayoyin garkuwar jiki) ke saki, wanda shi ke ta da ƙaiƙayin borin jini.

Kafin komai, ka nemi izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji. Sai ka aske ƙeyar ɓerayen tun ana gobe, ka bar su su saba da akwatin kallo, don ɓeran da ya firgita maƙalewa yake yi a lungu, ya ƙi susa. Ka raba su kashi uku: masu kwasetin, masu ruwan da aka narka shi kaɗai, da masu maganin ƙaiƙayi sananne. Bayan kamar awa guda da ba su, ka yi musu allurar sinadarin 48/80, mai sa ƙwayoyin mast su saki histamin, a cikin fatar ƙeya, ka kunna kyamara na minti 30, ka fice daga ɗakin.

Ƙirga ce wurin da nake tsanantawa. Susa ɗaya tana farawa da ɓera ya ɗaga ƙafar baya zuwa ƙeya, tana ƙarewa da ya sauke ta ƙasa ko ya kai ta baki. Lasar jiki ba ta shiga lissafi. Mai ƙirgar kuma kada ya san wane ɓera aka bai wa me.

Ka gwada tafiyarsu a kan sanda mai juyawa, domin maganin da ke sa barci shi ma yana rage susa. Sannan hanjin mutum kaɗan yake tsotsa daga kwasetin, don haka sakamakon ɓera bai isa a ba majinyaci shawara ba.