Yadda ake farfaɗo da BMW Isetta da ta daɗe a ajiye

Wanda ya samu ƙaramar motar nan Isetta ta shekara da shekaru a rufe, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya saka batir ya murza makulli. Kada ka yi. Motar nan kusan duk matsalarta daga ƙirarta take fitowa, don haka sai ka san yadda aka ƙera ta kafin ka taɓa ta.

Asalinta daga Italiya ne. Kamfanin Iso na Renzo Rivolta, wanda ya saba da ƙera firji da ƙananan babura, shi ya fito da ita a 1953. BMW ta sayi lasisi ta ci gaba da ƙerawa a Jamus daga 1955 zuwa 1962, guda 161,728. Ta cire injin Iso ta saka na babur ɗinta mai silinda ɗaya, cc 247 mai ƙarfin doki 12, daga baya a 1956 aka ƙaro mai cc 298 da ƙarfin doki 13. Tsawonta kusan mita 2.3 ne, nauyinta kusan kilo 350, gudunta ba ya wuce kilomita 85 a awa. Ƙofarta ɗaya ce, kuma ita ce gaban motar gaba ɗaya.

Fara da gangar jiki. Ɗaga kujera ka duba wajen batir, domin ruwan batir da danshi nan suke fara cin ƙarfe. Ka bi bene, da ƙasan ƙofa, da kewayen tayoyin gaba. Sannan ka buɗe ƙofar a hankali: sitiyari yana manne da ita, yana fitowa tare da ita ta wata gaɓa mai lanƙwasa a gindinsa. Idan gaɓar ta ci, za ka ji sitiyari yana wasa kafin tayoyi su amsa. Rufin tamfol na sama kuma ba kwalliya ba ne, shi ne mafita idan aka yi karo ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ka tabbata yana zugewa ba gardama.

Sai inji, wanda yake ta dama bayan kujera, don nauyinsa ya daidaita na direba da ke hagu. Cire fulogi, ka zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a ramin, ka bar shi ya kwana, sannan ka juya injin da hannu. In ya ƙi, kada ka tilasta shi da sitata, zoben fistin ne zai karye. Ka zubar da tsohon mai, ka kwance kaskon ƙasa ka wanke rariyarsa. Injin nan ba shi da matatar mai irin ta motocin yau. Akwai wani faranti a jikin sandar kuranki da ke watsa mai zuwa gindin fistin, kuma dauɗa a cikinsa take taruwa har ta toshe hanya. Injin da ba a san tarihinsa ba, a ganinmu gara a buɗe shi a wanke farantin, ko da aikin zai ci kwanaki, da a bari beyarin ya ƙone a hanya.

Bawul ana saita shi ne inji yana sanyi: milimita 0.15 na shigar mai, 0.20 na fitar hayaƙi. Tazarar kwantak, wato ƙarafan da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da wuta, milimita 0.4 ce. Injin iska ce ke sanyaya shi ta fanka, saboda haka ka leƙa cikin murfinta, don ɓeraye kan yi sheƙa a wurin. Duk gwangwanin da ke jagorar iska ya koma mazauninsa, in an bar ɗaya silinda za ta yi zafi.

Tankin lita 13 ne, kuma babu famfon mai, fetur gangarowa yake yi da kansa. Ɗan ɓurɓushin tsatsa ya isa ya tsayar da motar. Wanke tanki, sake tiyo, kwance kafireto. Ka saba da rufe makunnin fetur duk lokacin da ka tsaya, in ba haka ba fetur zai iya tsiyaya har cikin baƙin mai ya tsinka shi.

Wutarta volt 12 ce, kuma na'ura ɗaya mai suna Dynastart ita ce sitata, ita ce dinamo. Gawayinta in ya cinye, ba tashi ba caji. Ka rufe kawunan batir da roba, don ƙarfen kujera yana iya taɓa su idan an zauna.

Tsakanin giya da akwatin sarƙar da ke juya tayoyin baya akwai ƙawanyar roba biyu. Sauya su ko da ido ya ga lafiyarsu ƙalau, tare da robobin da inji ke zaune a kai, domin in waɗannan suka lotse inji zai karkace ya yage sababbin ƙawanyoyin. Sarƙar cikin mai take gudu, duba mai da tsaurinta. Tayoyin baya kusa da juna suke, kimanin santimita 52, shi ya sa ba a saka mata na'urar bambanta gudun taya a kwana ba. Wasu da aka haɗa a Brighton ta Ingila daga 1957 taya ɗaya ce a bayansu, ka san wacce ke hannunka kafin ka yi odar kaya.

Birki na mai ne, kuma ba a yi masa kwaskwarima: sababbin robobi, sababbin tiyo, sabon mai. Tayoyin inci 10 su ma a sauya su, komai kyan zanensu. Gwajin farko a fili za ka yi shi, ka tuna sandar giya tana jikin bangon hagu, ka bi giya huɗun da ribas a hankali har hannunka ya san wurarensu.